A rage kiɗa mu ji magana

Ɗan uwa mai karatu, ina da ƙara. Na san kai ma kana da irinta.

Ran nan da dare muna zaune a ƙofar gida, a ƙauyenmu na Tarka, rediyo tana tsakiya. Aka yi sanarwa cewa masu allurar bisashe za su zo bakin rijiya. Amma a ƙarƙashin muryar mai sanarwa an saka kiɗa, ganga da jita. Baba ya ji Laraba. Ya kora shanunsa ran Laraba, ya tarar an gama tun jiya. Ashe Talata aka ce.

Ba laifin Baba ba ne. Ɗauki alli ka rubuta Talata, ka rubuta Laraba. Duba su. Wasulansu ɗaya ne: a, a, a. Baƙaƙe kaɗai suka raba su. To, baƙaƙe ba su da ƙarfi kamar wasula, su ne kiɗa yake fara rufewa. Kunnen tsoho kuwa ya riga ya rage jin su.

Akwai wata matsala kuma. Mai haɗa shiri yana zaune cikin ɗaki rufe, babu iska, babu kukan awaki. Yana da lasifika biyu, ɗaya dama, ɗaya hagu. Yana iya tura kiɗa wannan gefe, ya tura magana wancan. Sunan wannan dabara sitiriyo. A ɗakinsa abin da daɗi. Mu fa? Rediyonmu bakinta ɗaya, komi ta nan yake fitowa a cakuɗe. Samari kuma su biyu suke raba igiyar kunne ta salula, kowa da kunne guda. In an tura magana hagu, mai dama kiɗa kaɗai zai sha.

Za a ce mini kiɗa yana ƙawata shiri. Gaskiya ne. Ni ma ina son gurmi, in an buga kalangu ƙafata ba ta zama. Amma dubi sanƙira ran kasuwar Belbeji. Yana buga ganga jama'a su taru. In sun taru sai ya tsai da ita, sannan ya faɗi saƙo. Wa ya taɓa ganin sanƙira yana shela yana kiɗa gaba ɗaya? Shi da bai shiga lakkol ba ya san wannan.

An buɗe Rediyo Nijar a 1958. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu saurare, rediyo kulob, don talaka ya ji, ya tattauna, ya mai da amsa. Daga baya gidajen rediyon karkara suka bazu. Duk don magana ta kai ga manomi da makiyayi aka yi su. A Damargu, inda Buzu da Bafulatani da yawa suke jin labari da Hausa, harshen da ba shi suka sha a nono ba, me zai saura in an ɗora kiɗa a kai?

Kada ka ce ba a jin kukan mai saurare. A Ingila, a 2011, masu kallon telebijin sun kai wa BBC ƙara kan wani shiri na taurari, don kiɗa ya danne magana. Aka rage kiɗan.

Abin da muke nema ba ya cin dala ɗaya. Sanarwar allura, ta rasuwa, ta ɓatan raƙumi, ta kuɗin tiyar hatsi, a faɗe ta ba kiɗa. A bar murya a tsakiya, kunne biyu su same ta. Rana da wuri a faɗe su sau biyu. Kafin a watsa shiri, mai haɗa shi ya fita waje ya saurare shi a ƙaramar rediyo mai pil.

Yanzu ka iya rubutu. Rubuta layi uku, ka sa sunan garinku, ka ba mai motar Tanut ya kai gidan rediyo. Ni na aika tawa ran kasuwar da ta wuce, Baba ya dangwala hannu a ƙasa.