Inji Ya Buga, Alhakin Wa?

A 2015 kamfanin Hyundai ya kira motoci Sonata wajen 470,000 a Amurka, domin an bar ɓurɓushin ƙarfe cikin injinsu tun daga ma'aikata. Ɓurɓushin kan tare hanyar baƙin mai, inji ya buga ana cikin tafiya. Bayan gyara ma ba a huta ba, gama a 2019 an sake kiran waɗansu saboda bututun mai da aka lalata wajen canjin inji. A 2020 gwamnatin Amurka ta ci Hyundai da Kia tarar dala miliyan 210 saboda jinkirin kira.

To, irin motocin nan kan iso mana 'yan Kwatano. Malamin makaranta ya tara albashin shekaru ya saya, ta mace masa tsakanin Gumel da Maigatari, takardar kamfani kuwa ba ta san hanyar Gagarawa ba.

A ganinmu aibin ma'aikata yana bin mota duk inda ta je, alhakinsa kuwa yana wuyan maƙerinta. Lalle ne hukuma ta sa wakilan kamfanoni su ɗauki gyaran nan. Mai saye kuma ya binciki lambar shasi tukuna, sa'an nan ya biya.