IDON ARO BA YA TSARON GIDA

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), muna jan hankalin 'yan'uwa a wannan wata zuwa ga jirgin yaƙin da ake kira AWACS. Yana ɗauke da faifan rada mai faɗin kimanin mita 9 a gadon bayansa, yana hango jiragen abokan gaba daga nisan ɗaruruwan kilomita, yana kuma ba jiragen yaƙi umurni daga sama. Rundunar da ba ta da irinsa tamkar makaho ce a fagen fama.

A shekarar 1981 majalisar dattawan Amurka ta amince, da ƙuri'a 52 bisa 48, a sayar wa Saudiyya guda 5, duk da adawar Isra'ila. To amma da sharaɗi: Amurka za ta riƙa samun bayanan da jiragen suka tattara, kuma ba za a ba wata ƙasa ba sai da yardarta. A watan Yunin shekarar ne jiragen Isra'ila suka keta samaniyar Saudiyya, suka rusa tashar nukiliyar Iraƙi, alhali jiragen AWACS na Amurka da ke ƙasar sun fuskanci gabas. Ido yana duban inda mai shi ya juya shi ne.

Jiragen sun tsufa, domin an gina su a kan Boeing 707 wanda aka daina ƙerawa tuntuni. Da za a sabunta radarsu, kamfanin Boeing aka koma wa. Daular Larabawa kuwa ta karɓi GlobalEye daga Suwidin a 2020. Mai sayarwa ya sauya, dogaron yana nan.

Turkiyya ta ɗan yi abin koyi, domin 3 daga cikin jiragenta 4 a Ankara aka harhaɗa kayan aikinsu, 'ya'yanta suka koyi aiki.

Ya 'yan'uwa, Suratul Anfal ta umurce mu da tanadin ƙarfi gwargwadon iko. A wannan zamani, umurnin ya haɗa da lissafi da kimiyya da injiniyanci. Wajibi ne makarantun Islamiyya su karantar da waɗannan tare da Alƙur'ani da Sunna, mawadata su ɗauki nauyin ɗalibai, hukumomi kuma su sa koyar da fasaha cikin sharuɗɗan kowane ciniki. Kowa ya hau dokin aro, ranar da mai shi ya so zai sauka.

Allah Ya ɗaukaka Musulunci da Musulmi, amin.