Cacar Da Ta Sanyo Rigar Sadaka

 

A watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo har 30 a rana guda a birnin Kano. Ranar 22 ga Nuwamba na shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, iyakarta Abuja. Garkuwar lasisin tarayya da masu shagunan ke fakewa da ita ta faɗi ke nan. Alhamdu lillahi. Sai dai cacar da ta fi ba ni tsoro ba ta da shago, kuma da sallama take shigowa.

Ita waccan doka ta 2005 ta kafa asusun da ake zuba wani kaso na kuɗin caca don "ayyukan alheri", har aka riƙa raba kayan wasanni a firamare da kayan aiki a asibitoci. Wannan ita ce hujjar masu caca a ko'ina, kuma Amurkawa sun ga ƙarshenta. Suna da wani wasa wai shi bingo: mutum ya sayi kati mai lambobi, mai shela yana kira, wanda layinsa ya fara cika shi ya ci. A Jihar Alabama an halatta shi a wasu yankuna domin ƙungiyoyin jin ƙai su tara kuɗi. Da 'yan kasuwa suka ga ƙofa, sai suka jera injinan lantarki a manyan zauruka, ka zuba kuɗi ka danna, suka ce ai wannan ma bingo ne na sadaka. Kotun Ƙolin jihar ta fayyace abin da ake kira bingo a 2009, amma sai da aka kai 2022 tana ba da umarnin rufe irin waɗannan wurare. An ba sadaka ƙofar allura, caca ta shigo da raƙumi.

Batun raƙumi kuwa, shi ne asalin maganar. Malaman tafsiri, a bayanin aya ta 219 cikin Suratul Baƙara, sun kawo yadda Larabawan jahiliyya ke yin maisir. Sukan yanka raƙumi, su zuba kibau 10 a jaka, 7 masu rabo, 3 babu komai. Waɗanda suka faɗi su ke biyan kuɗin raƙumin. Waɗanda suka ci kuwa, sau da yawa ba sa taɓa naman, matalauta suke rabawa, suna alfahari da haka, har suna yi wa wanda ya ƙi shiga gori da lakabin "baram", wato marowaci. Ka lura da kyau ya ɗan uwa: cacar da Alƙur'ani ya tarar a ƙasa caca ce ta ciyar da mayunwata. Ayar ba ta musanta cewa akwai amfani a ciki ba, ta dai rinjayar da zunubin, sannan ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka rufe ƙofar baki ɗaya. To wace hujja ta rage wa mai cewa tasa cacar ta gina makaranta ce?

A nan kudancin Kano na taɓa zama a taron kwamitin wata Islamiyya da ruwan damina ya kwashe mata rufi. Wani matashi mai kyakkyawar niyya ya kawo shawarar a buga tikiti, ₦500 kowanne, a yaɗa a WhatsApp, a sayi babur daga cikin kuɗin a ba wanda lambarsa ta fito, ragowar a sayi kwano. Sunan da ya raɗa masa shi ne "gudummawa mai tukuici". Ban zarge shi ba, domin duk wanda ya ga yara suna karatu a rana zai nemi mafita ko ta halin ƙaƙa. Tambaya biyu kawai na yi masa. Daga aljihun wa kuɗin babur ɗin zai fito? Kuma in aka cire babur, mutum nawa za su sayi tikiti? Muddin kyautar daga kuɗin masu saye take, kuma kwaɗayinta ne ya fito da su, to kibau 10 ɗin nan ne aka mayar takarda. Wannan ya sha bamban da musabaƙar Alƙur'ani, inda wani mai hali ke sa kyauta daga dukiyarsa, ɗalibi bai saka sisin kwabo ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba a lissafa ta. Yaron da Hisba ta koro daga shago, in ya tarar da malaminsa na sayar da tikitin sa'a a ƙofar masallaci, an gama ba shi fatawa a aikace.

Tunda hukuncin 2024 ya mayar da wuƙa da nama hannun jiha, ra'ayina shi ne kada Kano ta bar wata kafa da sunan taimako a dokokinta, kuma a sanar da kwamitocin masallatai da Islamiyyu a rubuce cewa tikitin sa'a caca ne. Amma hani kaɗai ba ya rufa aji. Yankinmu ba matalaucin yanki ba ne: ga noman rani a gefen madatsar Tiga ta Bebeji, ga shinkafar Tudun Wada, ga masarar Doguwa, ga motocin hatsi na ratsa Kwanar Dangora ta Kiru. Jihar na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Kwamitin da zai zaga gonaki da kaka ya karɓi buhu-buhu na sadaka, ko ya nemi a yi wa makaranta waƙafin gona, sannan ya riƙa karanta lissafin shiga da fita bayan sallar Juma'a, zai sayi kwanonsa kafin damina ta dawo.