An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Kukan Masu A-Kori-Kura A Amurka

Duk wanda ya taɓa ratsa karkarar Amurka ya san matsayin motar a-kori-kura a wurin mutanen can. Ƙatuwa ce mai shan man dizal, ƙirar Ford ko Chevrolet ko Ram, wadda manomi ke jan tirelar shanu da ita, magini kuma ya lafta mata kayan aiki. Ita ce jakinsa, ita ce raƙuminsa. To, tun daga shekarar 2007 masu waɗannan motoci suke ta kuka da abu guda, watau na'urorin tace hayaƙi da doka ta tilasta a ɗaura wa salansa. A ganina kukan nan yana bisa hanya, ko da yake maganin da yawancin masu kukan suka zaɓa ya fi cutar muni.

Bari mu soma da tushen maganar. Hayaƙin dizal yana ɗauke da mugayen abubuwa biyu, kunkunniya mai laushi da ke kutsawa can cikin huhu, da wata iska mai guba, naitirojin oksayid, wadda ke tayar da ciwon fuka. A 2012 sashen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa wannan cuta. Saboda haka ba mai hankalin da zai ce gwamnatin Amurka ta yi shisshigi da ta sa baki. A 2006 ta rage farar wutar da ke cikin dizal na motoci zuwa kashi 15 cikin miliyan. Daga 2007 aka fara ɗaura wa salansa wata matata mai kama kunkunniya, wadda idan ta cika injin kan ƙara mata zafi har wajen digiri 600 na ma'aunin Salshiyas, kunkunniyar ta ƙone. Daga 2010 kuwa aka tsananta doka a kan iskar nan mai guba, sai kamfanoni suka ƙaro wani tanki dabam na wani ruwa da Amurkawa ke kira DEF. Yuriya ce irin ta taki, amma tatacciya, kashi 32.5 cikin ɗari, sauran kuwa tsarkakakken ruwa. Ana fesa shi cikin salansa ya mai da gubar ta zama iskar naitirojin da tururi, waɗanda ba sa cutar da kowa.

A takarda dabarar ba ta da aibi. A kan titi ne ake ganin wahalarta. Motar da ba ta yin doguwar tafiya, salansarta ba ta ɗaukar zafin da zai ƙone kunkunniya, sai matatar ta toshe. Ruwan yuriya kan daskare idan sanyi ya kai digiri 11 ƙasa da sifiri, abin da ba baƙo ba ne a jihohin arewa, sa'an nan abin ɗumama tankin shi ma yakan mutu. Ga kuma ƙananan na'urori masu auna hayaƙi da ingancin ruwan, waɗanda ke zaune cikin zafi da ƙura da girgiza, suna kai rahoto ga kwamfutar motar.

Nan ne inda gizo ke saƙar. An tsara kwamfutar ta hukunta wanda ya ƙi zuba ruwan, don kada mutane su yi ha'inci. Sai ta kunna fitilar gargaɗi, ta shiga ƙirga masa sauran milamilai, ta rage masa gudu mataki mataki, har ta kai motar ba ta wuce mil 5 a awa guda. Amma fa kwamfutar ba ta bambanta maha'inci da mutumin kirki wanda tankinsa ke cike, na'urar aune ce kawai ta rikice ta yi masa ƙarya. Mai karatu ya ƙaddara manomi da shanu a tirela, cikin zafin rana, tsakaninsa da gari mil saba'in, motarsa tana rarrafe alhali injinta lafiya lau. A 2021 abin ya kai intaha, lokacin da ƙarancin ƙwayoyin lantarki a duniya ya sa na'urorin auna ruwan suka yi wuyar samu, manyan motoci masu yawa suka yi ta zaman jira, har Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta yarda kamfanoni su sauya manhajar motocin na wucin gadi.

Idan haka ta faru, ina mai mota zai nufa? Galibi garejin dila, watau wakilin kamfanin. Bakaniken unguwa yana iya gane ciwon, amma sau da yawa sabunta manhaja, ko shawo kan kwamfutar ta janye hukuncinta, sai da kayan aikin kamfani. A garejin dila kuwa kukan masu motoci iri ɗaya ne: a canja wannan na'ura a sallame ka, bayan mako biyu fitila ta sake kamawa, a ce ai waccan ce. Ban ɗora laifin duka a kan kanikawan dila ba, domin su ma abin da kwamfuta ta faɗa suke bi. Sai dai kowace rana da mota ta kwana a gareji, abincin mai ita ne ya kwana can. Garantin da dokar tarayya ta wajabta a kan kayan tace hayaƙi na irin waɗannan motoci shekara 5 ne ko mil 50,000, duk wanda ya riga cika, alhali kuwa mutum yakan sayi injin dizal ne don ya ci dubban ɗaruruwan milamilai. Da garanti ya ƙare, canjin matata kaɗai yakan lashe dubban daloli.

Shi ya sa da yawa suka yanke shawarar tumɓuke na'urorin baki ɗaya, su sa a yi wa kwamfutar dabara ta yi shiru. Wani rahoto da Hukumar Kare Muhalli ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa cikin shekaru goma an yi wa a-kori-kura fiye da 550,000 wannan aika-aika, watau kimanin kashi 15 cikin ɗari. Wannan ya saɓa wa dokar tsabtar iska, kuma ni ban ga uzuri a cikinsa ba. Wanda ya cire matata ya huta da gareji, amma hayaƙin da ya saki huhun ɗan maƙwabcinsa yake shiga. Duk da haka, idan mutum fiye da rabin miliyan suka gwammace karya doka da su ci gaba da zama da wata na'ura, lalle ne a tambayi wanda ya ƙera na'urar.

Shi kansa maƙerin hannunsa ba tsarkakakke ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A watan Disamba na 2023 kamfanin Cummins, mai ƙera injin motocin Ram, ya amince zai biya tarar dala biliyan 1.675, bisa zargin sa manhajar kauce wa gwajin hayaƙi a injuna wajen 630,000 ƙirar 2013 zuwa 2019. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya biya. Kafin wannan duniya ta ga abin kunyar Volkswagen a 2015.

Abin da ya kamata a yi ba boyayye ba ne. Wanda ya ƙera na'ura shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyin lalacewarta, don haka a tsawaita garanti ya yi daidai da rayuwar injin. Ranar da kuɗin gyara ya koma aljihun kamfani, ranar za a soma ƙera na'urar aune mai ƙarko. Har ila yau a sakar wa kanikawa masu zaman kansu bayanan gyara, kamar yadda jama'ar jihar Massachusetts suka nema da ƙuri'arsu a 2012 da 2020, na jihar Maine kuma a 2023. A watan Agusta na 2025 Hukumar Kare Muhalli ta nemi kamfanoni su gyara manhajarsu don mota ta daina durƙushewa farat ɗaya, a ba direba isasshen lokacin kai ta gyara. Matakin ya yi kyau, sai dai ya makara da shekara goma sha biyar, kuma ina fargabar kada masu neman a soke dokar hayaƙi ɗungurungum su mai da shi tsani.

Mu ma nan gida maganar ta shafe mu, domin motocin da aka gama yayinsu a Amurka da Turai tashoshin jiragen ruwanmu suke sauka da na'urorinsu. Shekaru da dama Nijeriya ta halatta dizal mai farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50. Man da farar wuta ta yi wa yawa yana saurin kashe matata, bakanikenmu kuwa abin da ya saba shi ne ya fasa salansa ya zubar da abin da ke ciki. Saboda haka ma'aikacin da aka kawo wa takardar sayen motocin ma'aikata ya sa hannu, kafin ya ɗauki alƙalami ya tambayi ɗan kwangila irin man da injin ke bukata, da inda ake sayar da ruwan yuriyar a jiharsa, da garejin da ke da kwamfutar da za ta iya kashe fitilar in ta kama.