Kwalbar Sinadari Ba Ta Gyara Fetur da Ya Sha Ruwa

Idan injin mota ya mutu, direba ya gangara gefen titi ya nemi bakanike. Idan injin kwale-kwale ya mutu a tsakiyar Kogin Neja, tsakanin Yawuri da ƙauyukan ƙetare, cikin watan Satumba da ruwa ya cika ya batse, igiyar ruwa ce za ta zaɓa wa fasinjoji inda za su nufa. Shi ya sa abin da matuƙi ke zubawa a tankinsa ya shafi duk wanda ya hau jirginsa.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ya yi tsada, kuma wanda ke nesa da gidan mai yakan dogara da na jarka. Ba mamaki mutum ya sa rai ga ƙananan kwalaben sinadarin da ake cewa suna wanke inji, su kori ruwa, su ƙara ƙarfi. Ra'ayina shi ne, mafi yawansu rigakafi ne, kuma wanda ya ɗauke su magani ya yaudari kansa.

Babban abokin gabar injin jirgi shi ne ruwa a cikin mai. Yana shiga ta bakin jarka, ko ta raɓar da ke taruwa a tankin da ba a cika ba. Idan fetur ɗin na ɗauke da etanol, sai etanol ya yi ta jan danshi har ya ƙoshi, daga nan su biyun su rabu da fetur su kwanta a gindin tanki, daidai inda bututu ke zuƙo mai. A inji mai bugu biyu, wanda ake gauraya wa baƙin mai a cikin fetur, wannan kwantaccen ruwan ba ya ɗauke da abin da zai sa ƙarafa santsi, sai inji ya ci kansa. Da zarar an kai nan, babu kwalbar da za ta mai da man yadda yake. A juye shi kawai. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo Najeriya da fetur mai yawan metanol, ya lalata injinan motoci.

To, me ya cancanci kuɗin matuƙi? Na farko, baƙin mai na ainihi mai alamar TC-W3, wanda aka tsara domin injin da ruwa ke sanyayawa. Na mota yana barin toka, ya toshe fulogi. Injina da yawa na son kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a jarka mai lita 25, amma littafin injin ne alƙali. Na biyu, sinadarin hana fetur tsufa, irin su STA-BIL, ga jirgin da zai kwana makonni a gaɓa. A zuba shi a sabon mai, a kunna inji na 'yan mintoci domin ya isa kafireta. Na uku, ga masu injin dizal, maganin ƙwayoyin cutar da ke hayayyafa inda ruwa ya haɗu da mai, su toshe matata. A kiyaye ma'aunin da ke jikin kwalba, domin ninka shi ɓarnar kuɗi ce.

Sai dai matatar da ke raba ruwa da mai ta fi dukkansu amfani. Wanda ba shi da ita, ya tsiyayi man kaɗan a kwalba mai garai-garai, ya ajiye na ɗan lokaci. Idan ya ga wani abu ya kwanta a ƙasa, kada ya ɗauki fasinja da wannan man, ko da ranar kasuwa ce.