Wayar da ke biyan komai a Kano ba lallai ta biya kuɗin aski a Makka ba

Matashin da ke zaune a Kano ko Kaduna a yau yana iya yin mako guda bai taɓa takardar naira ba. Mai shayi na karɓar tiransifa, ɗan adaidaita sahu ya manna lambar asusunsa a jikin kekensa, mai POS kuma yana kowace kwana. Wannan sabon ne ke sa wasu, idan tafiyar Umara ta taso, su ɗauka cewa wayar da ke biya musu komai a gida za ta ci gaba da aikinta a Saudiyya. Ba haka abin yake ba, kuma galibi ba a gane kuskuren sai an sauka Jidda, lokacin da gyara ya yi wuya.

Tiransifar da aka saba da ita tana bi ne ta layin NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya da junansu. Layin nan a kan iyakar ƙasa yake tsayawa. Mai shago a Makka ba shi da asusun da za a tura masa naira, ba ya kuma jiran ƙarar alat. Na'urarsa ta san mada, wato tsarin katin Saudiyya, ta san Visa da Mastercard. Katin Verve na gama-gari, irin wanda manhajojin kuɗi da yawa ke raba wa masu hulɗa da su a Najeriya, an gina shi ne domin kasuwar gida da wasu ƙasashen Afirka. Wanda ya dogara da shi kaɗai ya fita da aljihu wayam, ko da akwai miliyoyi a asusunsa.

Ko mai Visa ko Mastercard na naira bai kamata ya saki jiki ba. A 2022 bankunan Najeriya suka yi ta rage abin da katin naira zai iya kashewa a ƙasar waje, har wasu suka kai shi dala 20 a wata, daga baya suka rufe ƙofar gaba ɗaya saboda ƙarancin dala. Sai a tsakiyar 2025 manyan bankuna suka fara buɗewa, kowanne da nasa iyaka: wani ta wata, wani ta wata uku, kuma iyakar cirewa a ATM daban take da ta saye a shago. A nan bankunan na da laifi. Manhajar da ke iya nuna tallar bashi a shafin farko ba ta da hujjar ɓoye wa mutum ko dala nawa ta rage masa ya kashe a waje. Kafin su gyara, matafiyi ne zai tambaya da bakinsa, ya kuma tabbatar an kunna wa katinsa amfani a ƙasashen waje tun yana gida.

Akwai kuma katin dala na intanet, wanda matasa ke so ƙwarai domin biyan kuɗin manhaja da saye a shafukan waje. Yana da amfaninsa a wannan tafiya: zai iya biyan otal, ko tikitin jirgin ƙasa na Haramain da ke haɗa Makka da Madina ta Jidda. Amma lambobi ne kawai a fuskar waya. Ba shi da jikin da za a zura a ATM, don haka ba zai fitar da ko riyal ɗaya ba.

Abin da ya fi kayar da masu ganin sun san kan waya shi ne layi. Mutum na sauka filin jirgi, sai ya sayi layin STC ko Mobily ko Zain domin samun data mai sauƙi, ya zare na gida ya jefa cikin jaka. Kwana biyu sai ya zo biyan kuɗi a intanet, banki ya tura lambar OTP zuwa layin da ke kwance a ƙasan jaka, wanda ba a ma buɗe masa aiki a ƙasar waje ba. Wasu manhajojin banki ma idan sun ga baƙon wuri sai su nemi a sake tantancewa, ta wannan layin dai. Maganin ba shi da tsada. Yawancin wayoyin da ake riƙewa a Arewa masu gurbin layi biyu ne, wasu kuma na ɗaukar eSIM. Layin gida ya zauna a wayar, a buɗe masa karɓar saƙo a waje kafin tashi, a kashe masa data domin kada ya cinye kuɗi, baƙon layin kuma ya ɗauki nauyin intanet. Wanda bankinsa ke ba da na'urar token, ko ke tura OTP ta imel, ya shirya wannan ma.

To, a ce kati ya yi aiki. Sauran tarko ɗaya, kuma shi ne mafi ladabi. Na'urar shago ko ATM takan gane katin baƙo ne, sai ta yi tayi: a caje da riyal, ko a caje da kuɗin katin, misali dala? Zaɓi na biyu ya fi kwanciya a rai, domin mutum na ganin adadin da ya saba da shi. Amma karɓarsa na nufin an bar mai na'urar da bankinsa su yanke farashin canji, su kuma ba sadaka suka fito yi ba. Saudiyya ma ta sauƙaƙa gane wannan wayon, domin tun 1986 riyal ke ɗaure da dala a kan 3.75. Riyal 1,000 ke nan kusan dala 267 ne. Idan na'ura ta yi tayin canji a kan, a ce, 3.55, kuɗin ya koma kusan dala 282. Dala 15 ta tafi a latsawa guda, ba a sayi ko dabino da ita ba. Amsar a kullum ita ce riyal, a bar Visa ko Mastercard da bankin gida su yi lissafin. Su ma suna ɗora nasu, amma da wuya ya kai na na'urar.

Cirewa a ATM ma tana da nata lissafin. Banki yakan caji kuɗi a kan kowace cirewa, don haka wanda ke zuwa kullum yana zarar riyal 100 ya fi asara a kan wanda ya ciri abin da zai ishe shi kwanaki a tashi ɗaya. Otal kuma yakan riƙe wani kaso a kati a matsayin jingina, ba a sakinsa sai bayan an fita, wani lokaci da kwanaki. Mai ƙaramar iyaka yana iya tarar da katinsa ya ƙi aiki alhali bai kashe komai ba.

Duk wannan ne ya sa dariyar da matasa ke yi wa dattijon da ke ɗaure guzurinsa a ɗamara ba ta da tushe. Gaskiya ne Saudiyya ta yi nisa a biya da kati, har ƙananan shaguna na da na'urar da ake ɗora kati kawai ta karɓa. Amma direban da ke kiran fasinja a bakin titi bayan sallar isha, da mai aski bayan an gama sa'ayi, da mabuƙacin da ake so a miƙa wa sadaka, da abokin tafiyar da kuɗinsa ya yanke, duk an fi saurin sallamarsu da takardar riyal. Kuma takarda ba ta mutuwar caji.

Hukumomi ma sun ci karo da wannan gaskiyar. A Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su daina biyan kuɗin guzurin tafiya a hannu, sai ta kati da sauran hanyoyin zamani. Da aka zo kan alhazai a 2025, Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta nuna cewa maniyyata da yawa ba su saba da kati ba, aka kuma amince a ba su guzurinsu tsaba. Shawara ce mai kyau ga wannan shekarar, sai dai ba ta warware matsalar ba. Tsabar da ta ɓace a cunkoson ɗawafi ta tafi ke nan, kati kuwa ana iya toshe shi daga waya cikin minti ɗaya. Abin da ya dace da matashi mai ilimin waya shi ne ya riƙe biyun, ya raba musu wuri. Katin da aka soke a bayan rigar waya, yadda ake yayi yanzu, ya zama abu ɗaya da wayar: hannun da ya ɗauke ta ya ɗauke kati da layin OTP a lokaci guda.

Game da tsabar kanta, canjin filin jirgi ya fi kowanne tsada, don haka riyal kaɗan na mota da abincin ranar farko gara a same su tun a Wapa ko Zone 4. Sauran a riƙe su a dala, a canza a shagunan canji masu lasisi a Makka ko Madina, inda farashi ke kusa da 3.75 ɗin nan kuma ake ba da rasit. 'Yan canji a ko'ina sun fi son sabuwar takardar dala 100 mai shuɗin zare, wadda ta fito a 2013, tsofaffi da yagaggu da ƙananan takardu kuwa akan karya musu farashi ko a ƙi su. Wanda zai fita da abin da ya haura dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastam. Riyal ɗin da ya rage bayan an dawo ba abin gaggawar sayarwa ba ne, tunda yana tafiya ne da dala. Sulalla kawai ya kamata a kashe kafin a hau jirgi, domin 'yan canji a gida ba sa karɓarsu.