Cam Thomas: ku daina ƙirga min maki kawai

A 2024, daren wata Juma'a, an shirya Brooklyn Nets za su je Madison Square Garden su kara da Knicks, ranar Lahadi kuma su sake haɗuwa a wannan fili. A lokacinmu na nan gida sai wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare aka tsara jefa ƙwallo sama. Kusan duk mai bin NBA ya yarda Knicks sun fi ƙarfi, don haka babu wani dogon musu a kan wa zai ci. Inda jijiyar wuya take tashi shi ne a kan yaro ɗaya, Cam Thomas, wanda a lokacin yake ɗan shekara 23, mai lamba 24 a rigar Nets.

Mutane sun rabu gida biyu. Akwai masu cewa tauraro ne da ake wa rowar dama, in da a wata ƙungiya yake da tuni an san da zamansa. Akwai kuma masu cewa ɗan son kai ne, da zarar ƙwallo ta shiga hannunsa to ta shiga rijiya, iyakacinsa ya riƙa tasowa daga benci ya zuba maki ashirin ya koma ya zauna. Ni dai a ganina duk ɓangarorin biyu adadin maki suke kallo, ɗaya yana murna da shi, ɗaya yana raina shi. Kuma adadin maki ba zai raba wannan gardama ba, ko da yaron ya ci hamsin a wancan daren.

Bari mu fara da abin da babu mai iya musantawa. A watan Fabrairun 2023 Kyrie Irving ya ce a sayar da shi, Kevin Durant kuma yana jinyar gwiwa. Nets suka rasa wanda zai ci musu maki. Sai aka saki yaron nan. Ya ci 44 a kan Washington, kuma daga benci ya taso. Bayan kwana biyu ya ci 47 a kan Clippers. Washegari ya ci 43 a kan Phoenix. Maki 134 a wasa uku, yana ɗan shekara 21. A tarihin NBA babu wanda ya taɓa jera wasa uku yana cin arba'in ko fiye yana da ƙarancin shekaru kamarsa, Allen Iverson ne ke riƙe da tarihin kafin shi. Duk wanda ya ce wannan sa'a ce, to bai san ƙwallon kwando ba. Sa'a takan zo dare ɗaya, ba ta jera dare uku. Kuma dama can haka yake: a jami'ar LSU shekara ɗaya ya yi, yana cin maki 23 a kowane wasa, ya fi duk 'yan shekarar farko a faɗin Amurka. Duk da haka sai a lamba ta 27 aka ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2021. Tun daga nan za ka gane cewa masu ƙungiyoyi sun daɗe da wannan shakkun da muke ta maimaitawa yanzu.

To me ya biyo bayan maki 134? Aka sayar da Durant ga Phoenix, Mikal Bridges da Cam Johnson suka iso, Spencer Dinwiddie da Dorian Finney-Smith suka zo daga Dallas, koci Jacque Vaughn ya mai da yaron benci. Da aka shiga zagayen neman kofi Philadelphia ta share su huɗu da babu, da ƙyar aka ga Thomas a fili. Masoyansa har yau ba su yafe wannan ba, kuma ina ganin suna da hujja. Ƙungiyar da ke shan wahalar cin maki ta ajiye wanda ya fi kowa iya ci, ai dole a yi tambaya.

Amma fa a faɗi gaskiya, Vaughn ba mahaukaci ba ne. A cikin wasanni ukun nan na tarihi, ɗaya kawai Nets suka ci. A kakar 2023/24 aka ba shi dama sosai, ya tashi da matsakaicin maki 22.5, amma ƙwallon da yake miƙa wa abokin wasa a ci da ita ba ta kai uku a wasa ba. Ga mutumin da ƙwallo ke kwana a hannunsa, wannan ya yi kaɗan ƙwarai. Ƙungiyar ta ci wasa 32, ta sha kashi a 50. Sannan ga batun tsaro. Tsawonsa bai wuce mita 1.9 da 'yan kai ba, wanda a NBA gajarta ce ga mai buga gurbinsa, kuma abokan hamayya sun san haka, shi suke nema su tsaya a gabansa. Idan ka ci talatin amma ta gefenka aka zuba wa ƙungiyarka talatin da biyar, me aka yi ke nan?

Inda nake rabuwa da masu raina shi shi ne a nan. Suna magana kamar cin maki abu ne mai arha, kamar duk wanda aka ba shi damar jifa ashirin zai ci ashirin da biyar. Wallahi ba haka ba ne. A kowane hari ƙungiya na da daƙiƙa 24 kacal. Sau da yawa tsarin da koci ya zana yakan rushe, saura daƙiƙa biyar, kowa an tsare shi. A wannan lokacin ana buƙatar mutum ɗaya da za a danƙa wa ƙwallo a ce ka san yadda za ka yi. 'Yan wasan da ke iya ƙirƙiro jifa daga babu, da mai tsaro manne a jikinsu, ba su da yawa a duniya. Thomas yana cikinsu. Yana iya tsayawa cak a tsakiyar gudu ya tashi sama, yana iya ja da baya ya jefa, ya kuma ƙware wajen sa mai tsaro ya yi masa ƙeta, in aka ba shi jifan ƙeta kuwa sama da kashi 80 cikin 100 yake zurawa. Tsaro ana koya wa mutum. Miƙa ƙwallo ma ana koya, in mutum ya yarda zai koya. Wannan baiwar kuwa da wuya ka ga an koya wa wanda ba a haife shi da ita ba.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce wace hanya zai bi cikin biyu, don duka biyun an taɓa bin su.

Devin Booker ya ci maki 70 a Boston a Maris ɗin 2017 yana ɗan shekara 20, kuma Phoenix ta sha kashi a wasan. Duk abin da ake faɗa a kan Thomas yau an faɗa a kan Booker: makin banza, ɗan wasan ƙungiyar da ba ta cin komai. A kakar 2018/19 Phoenix wasa 19 kawai ta ci. Amma a waccan kakar Booker yana miƙa ƙwallon da ake ci kusan bakwai a kowane wasa. Wato tun ƙungiyar tana cikin rami ya koyi karanta tsaro, ya koyi cewa in mutum biyu suka taso maka to akwai abokinka ɗaya da babu kowa a kansa. Da Chris Paul ya zo, a 2021 sai ga su a wasan ƙarshe. Ɗaya hanyar kuma ita ce ta Lou Williams da Jamal Crawford. Kowannensu sau uku yana lashe kyautar gwarzon ɗan benci, sun daɗe suna wasa, sun samu kuɗi, an girmama su. Amma babu wanda aka taɓa gina ƙungiya a kansa, babu kuma wanda aka taɓa zaɓa cikin taurarin shekara. Ba abin kunya ba ne mutum ya zama Lou Williams. Sai dai tsakanin hanyoyin nan biyu akwai bambancin dala miliyan ɗari ko fiye.

Kuɗin nan fa shi ne ainihin abin da ke ƙasa. A watan Oktoban 2024 wa'adin sabunta kwantiragin 'yan ajin 2021 ya cika. Cade Cunningham, Evan Mobley, Scottie Barnes da Franz Wagner kowanne ya sa hannu a kan kusan dala miliyan 224 na shekara biyar. Jalen Green na Houston, wanda makinsa a kakar 2023/24 bai kai na Thomas ba, ya samu miliyan 106 na shekara uku. Nets kuwa ba su sabunta wa Thomas ba. Albashinsa na kakar 2024/25 bai kai miliyan biyar ba. Ma'ana duk wasan da ya buga a waccan kakar jarrabawa ce, kuma masu duba takardar ba mu ba ne da ke hana idonmu barci, manajojin ƙungiyoyi talatin ne.

Abin da ya sa nake tausaya masa shi ne irin ajin da aka sa shi ya rubuta jarrabawar. A bazarar 2024 Nets suka sayar da Bridges ga Knicks suka karɓi damar zaɓen zagayen farko har guda biyar, suka kuma karɓo nasu na 2025 da 2026 daga Houston, waɗanda suka bayar tun lokacin cinikin James Harden. Duk mai hankali ya san ma'anar wannan. A tsarin NBA, a lokacin, ƙungiyoyin da suka fi faɗuwa su suka fi samun damar ɗaukar sabon yaro mafi kyau, ga kuma Cooper Flagg, wanda a lokacin yake jami'ar Duke, kowa na haɗiyar yawu. Shugabannin ƙungiyar ba za su ji haushi ba in an sha kashi. Mu ma'aikatan gwamnati mun san irin wannan: a tura ka sashen da babu kasafi, babu kayan aiki, ƙarshen shekara a kawo fom ɗin tantance ƙwazo a tambaye ka me ka cimma. Idan Thomas ya ci maki da yawa aka faɗi, a ce makin banza. Idan ya rage jifa ya riƙa miƙa wa waɗanda ba sa zurawa, a ce ai ga shi ma makin ya ragu. Abin da ya rage masa a lokacin shi ne sabon koci, Jordi Fernández ɗan Sifaniya, wanda ya kai Kanada matsayi na uku a gasar duniya ta 2023, kuma daga yadda yaransa ke wasa ba ka ganin alamar wanda ya zo da niyyar faɗuwa.

Ga masu cewa gajere ba ya jan ƙungiya, ku dubi wanda ke ɗaya ɓangaren a wancan daren. Jalen Brunson bai kai Thomas tsawo ba. A lamba ta 33 aka ɗauke shi a 2018. Da Knicks suka ba shi miliyan 104 a 2022, mutane da yawa sun ce an yi asarar kuɗi. A zagayen neman kofi na 2024 ya jera wasa huɗu yana cin arba'in ko fiye, Knicks suka ci uku a ciki. Bambancinsa da Thomas ba a hannu yake ba. Brunson ya san lokacin da zai jefa da lokacin da zai saki, kuma in an faɗa masa ya tsaya a gaban ƙato a ture shi don a samu ƙeta, zai tsaya. Amma a tuna, Brunson yana ɗan shekara 23 daga benci yake tasowa a Dallas, babu wanda ke kiransa tauraro. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, na yarda. Sai dai haka ma bai kamata a yanke masa yatsun tun yana ashirin da uku ba.

Shi ya sa wasan nan ya yi daidai da gardamar. Tom Thibodeau koci ne da ya yi suna a kan tsaro, kuma a lokacin da yake kocin Knicks yana da mutum biyu da zai sa wa yaron. Bridges ya yi kaka ɗaya da rabi yana atisaye da shi kullum, ya san duk inda yake juyawa. Ga kuma OG Anunoby, ɗan asalin Najeriya haifaffen Landan, wanda bai taɓa kai matsakaicin maki 20 a kaka ba amma Knicks suka ba shi dala miliyan 212 da ɗoriya, saboda kawai yana hana irin su Thomas sakat. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da kasuwa ke saye. A ɗaya gefen kuma a lokacin ƙarƙashin kwandon Knicks a buɗe yake: Isaiah Hartenstein ya tafi Oklahoma, Mitchell Robinson yana jinya, Karl-Anthony Towns kuwa gwanin ci ne, ba gwanin tarewa ba. Don haka kada wanda ya yi mamaki in yaron ya zuba arba'in. Zai iya, kuma in ya yi, babu abin da ya ƙaru a kan abin da muka sani tun 2023.

Kuma kada a ɗauka wasa ne kamar kowanne. Gabar nan ta girmi yawancinmu a kallon ƙwallo. Lokacin da Nets suka shigo NBA a 1976, sai da aka ɗora musu biyan Knicks dala miliyan 4.8 saboda sun shigo yankinsu, abin da ya tilasta musu sayar da Julius Erving ga Philadelphia. Tun 2012 suke Brooklyn, amma har gobe birnin Niyok na Knicks ne, duk da a 2024 rabonsu da kofi tun 1973. Cinikin Bridges shi ne na farko tsakanin ƙungiyoyin biyu tun 1983. Yaron da ya yi abin kirki a Garden, a gaban waɗannan 'yan kallo, duk Amurka za ta kwana da labarinsa.

Ni abin da na yi niyyar ƙirgawa a lokacin daban ne. Idan Bridges da Towns suka rufe shi su biyu a saman da'ira, daƙiƙa nawa ƙwallo za ta yi a hannunsa kafin ta isa wurin Cam Johnson, wanda a lokacin yake Nets, a kusurwa? Idan ya jefa bai ci ba, zai tsaya yana wa alƙali ƙorafi ne ko zai juya da gudu? Idan Brunson ya nemo shi da gangan a minti biyar na ƙarshe, Fernández zai iya barinsa a fili ko dole ya cire shi? In ya ci 24 ya miƙa bakwai, kuma ya ƙare wasan a cikin fili, wannan ya fi min 45 da miƙa biyu nesa ba kusa ba. Kuma tunda ranar Lahadi za a sake, Thibodeau zai samu kwana guda ya kalli faifan wasan ya gyara tarkonsa. Wasa na biyun ne na yi niyyar fi zuba wa ido.